Na Karɓa, Zan Miƙa

Ranar da ya fara ganinta, tana tsaye ne a ƙarƙashin babban allon da ke nuna tashin jirage a tashar jirgin ƙasa, ta ɗaga kai sama, jakar aikinta rungume a ƙirji. Ba ta da akwati, ba ta kuma yi kama da mai jiran wani ba. Ya sauko daga ɗakin sigina zai sha shayi, ya wuce ta. Da ya dawo tana nan. Washegari da rana ma ya same ta a wurin, haka aka yi ta yi har abin ya tsaya masa a rai.

Ran nan dai ya tsaya.

"Baiwar Allah, sannu. Wane jirgi kike nema? Kullum ina ganinki, allon nan kuwa ba ya canja magana."

Ta juyo. Ba idonsa ta kalla ba, tabaraunsa ta kalla.

"Tabaraunka ya karkace," ta ce. "Kawo."

Kafin ya yi tunani har ya cire ya ba ta. Tashar duk ta koma masa dishi-dishi, sai muryarta kawai yake ji tana cewa a shagon tabarau na tsallaken titi take aiki, kuma ba ta iya ganin karkataccen tabarau ta yi shiru. Ta fito da wani ɗan mitsitsin sukundireba daga jaka, ta ɗaure, ta goge gilashin, ta miƙo masa. Da ya mayar, fuskarta ce abin da ya fara gani tar.

"To, na yi maka aiki, saura kai," ta ce. "In mutum yana so ya je garuruwa huɗu a jirgi, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da ya dawo nan a tsakani ba, zai yiwu?"

"Zai yiwu. Ku nawa ne?"

"Ni kaɗai."

Yadda ta faɗe shi, kamar ta daɗe tana gwada faɗar a gaban madubi.

Auta ce a gidansu, kuma da Auta kowa ke kiranta. Babanta yana da garejin gyaran motoci, yayyenta maza kowa da motarsa. Tun da aka haife ta ba ta taɓa zuwa wani wuri ba, kai ta ake yi. Makaranta Yaya Babba ya kai ta har ta gama. Aiki kuma Yaya Ƙarami ke sauke ta a ƙofar shago, ya jira sai ta shiga kafin ya ja mota. Ta san ƙeyar kowane ɗayansu fiye da yadda ta san hanyoyin garinsu.

Yanzu hutunta na shekara ya kusa, ita kuma ta ƙudura abu ɗaya. Za ta je wurin Gwaggo, ƙanwar Baba. Daga can ta wuce garin Malamar da ta koya mata aikin ido. Daga can wurin aminiyarta da ta haihu. Na ƙarshe kuwa wani gari ne a bakin teku, inda ba ta san kowa ba, kowa bai san ta ba.

"Shi ne na fi so," ta gaya masa a ɗakin shayin tasha, taswira shimfiɗe tsakanin kofunansu. "Ina so in sauka a wuri, in duba dama da hagu, in zaɓi hanya da kaina. Ko da ɓata zan yi, ɓatana ne."

Kullum da rana sai su haɗu a teburin nan na kusa da taga. Ya koya mata bambancin jirgin kai-tsaye da mai tsaye-tsaye. Ya ce kada ta yarda da canjin jirgi mai ƙurarren lokaci, don jirgi ba ya jiran wanda ke neman matakala. Ya ce ta nemi masaukin da za ta iya takawa da ƙafa daga tasha, ta zaɓi kujerar ɓangaren da rana ba ta duka, kuma jaka ɗaya tak, wadda za ta iya hawa bene da ita ba ta nemi hannun kowa ba.

Da yamma saƙonta ya shigo: "Mai Sigina, na cika jakar da sufanun garejin Baba don gwaji, na hau benenmu na sauko. Mama ta ce ko aljanu ne suka shige ni."

Ya mayar: "Likitar idona, rage sufana biyu. A garin Malama matakalar tasha doguwa ce."

"Wa ya ce ni likitarka ce?"

"Wanda bai san yana gani a karkace ba sai da kika zo."

Ta daɗe tana kallon wayar. Ta rubuta, ta goge, ta sake rubutawa, ƙarshe ta aika masa hoton tabarau kawai.

Wata rana ta tambaye shi me yake yi a can sama duk yini. Ya ce aikinsa ɗaya ne: ba ya sakin jirgi daga tasharsa sai tasha ta gaba ta ce ta karɓa. Shi ma in an turo masa, sai ya ce na karɓa, in zai wuce da shi ya ce zan miƙa. Jirgi ba ya taɓa zama ba a hannun kowa ba, ko na ƙiftawar ido.

"Allah sarki jirgi," in ji Auta. "Ashe ɗan'uwana ne."

Ya yi dariya. Da ya lura da kyau, da ya ga ita ba ta yi ba.

A gida kuwa, ranar da ta faɗi maganar tafiya, Baba ajiye cokali ya yi.

"Jirgin ƙasa? Ke kaɗai? Motoci sun cika ƙofar gida har maƙwabta na ƙorafi, 'yata ta je ta yi layin tikiti? A ce me?"

"Baba, so nake in gwada."

"Ki gwada me? Ɓata?"

Yaya Babba ya ce ai abin mai sauƙi ne. Abokinsa mai sayar da motoci, wanda ya daɗe yana zarya gidan da sunan gaishe da Mama, ya ce zai kai ta duk garuruwan da kansa, Yaya Ƙarami ya raka su. Washegari sai ga Mai Motoci a ƙofar shagonsu, cikin wata doguwar mota mai sheƙi, ya sauke gilashi.

"Ƙanwata, na ji labari. Me ya yi zafi? Ga sanyi, ga kujera mai kwanciya. Ke dai ki shiga ki yi barci, in mun isa in tashe ki."

"Na gode, Yaya. Barcin ne ba na so."

"To ki yi ta kallon hanya, ban hana ba."

"Ƙeyarka zan yi ta kallo," ta ce a hankali, ta koma ciki.

Ba mugun mutum ba ne, bai dai gane ba. Ya je ya gaya wa Yaya Babba cewa akwai wani ma'aikacin tasha da ke hure mata kunne. Kafin la'asar maganar ta isa gareji.

Mai Sigina bai jira a kira shi ba. Ya hau kekensa ya tafi. Ya sami Baba a gaban wata mota, kai cikin inji. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya faɗi ko shi wane ne, ya faɗi abin da ke ransa game da Auta.

Baba ya ɗago, ya dube shi, ya dubi keken da ke jingine da bango.

"Wannan ce motar?"

"Ita ce, Baba."

"Ita ma a bayanta za ka riƙa ɗauko ta?" Makanikai suka ƙunshe dariya. Baba ya goge hannu da tsumma. "Yaro, ban san ka ba. Abin da na sani, tun da ta san ka take maganar yawo. Ba ta zuwa ko'ina, kai ma ka kama gabanka."

A nan ne Mai Sigina ya yi abin da ya iya. Ya tuna taswirar, da benen da ta yi ta hawa da sufanu, ya ga duk za su tashi a banza.

"Baba, in ka bar ta, ni zan riƙe ta. Duk tashar da za ta bi ina da abokin aiki. Ba za ta bar wuri ba sai na gaba ya ce ya karɓa. Duk motsinta zan gaya maka."

Baba ya sake dubansa, wannan karon bai dubi keken ba.

"Ita ta sani?"

"A'a."

"Kada ta sani," in ji Baba. "Ashe kana da hankali."

Da Auta ta ji an yarda, har tsalle ta yi a tsakar gida. Ta rubuto: "Ban san abin da ka gaya wa Baba ba, amma Allah ya biya ka, Mai Siginana."

Ya karanta, ya kife wayar a kan tebur. Ranar shayinsa ya huce bai sha ba.

Safiyar tafiya ta hana kowa raka ta. Ta tako da ƙafa, jaka a kafaɗa, ta sami taragonta da kanta. Da jirgin ya motsa ta ɗaga kai ta ga inuwarsa a tagar ɗakin sigina. Ta ɗaga masa hannu. Shi kuwa hannunsa ɗaya na sama, ɗayan na kan wayar aiki.

Komai ya tafi daidai, har ya yi yawa. Mai duba tikiti ya ce kujerarta tana da matsala, ya mayar da ita wata mai faɗi. A garin Gwaggo wani ma'aikaci ya ce dama hanyar zai bi, ya taka da ita har bakin layin. Gwaggo ta rungume ta tana cewa, "Auta ce da kanta? Ba direba?" Auta ta ji kanta ya yi girma.

"Mutanen jirgi suna da kirki," ta rubuta masa. "Duk inda na juya sai in ga an taimake ni. Ashe tafiya ba wuya."

"Ke ce mai sa'a, likitata," ya mayar. Ya tashi ya zagaya ɗakin, ya zauna, ya sake tashi.

A garin Malama ne abin ya fashe. Wata ma'aikaciya mai fara'a ta tare ta tun daga ƙofar tarago, ta nuna mata hanyar da ba sai ta hau doguwar matakalar ba. Auta ta yi godiya ta wuce, sai ta tuna ta bar lemarta a kan benci. Da ta dawo, matar ta juya baya tana waya.

"E, mai jaka ruwan toka, mai ɗan sukundireba. Na karɓa. Gaya masa ya kwantar da hankalinsa, jibi zan miƙa."

Auta ta tsaya cak. Ta dubi matakalar nan da ta yi ta shiri dominta, wadda ba a ma bar ta ta taka ba. Ta ɗauki lemarta ta fita, ta nufi gidan Malama.

Malama ta ga fuskarta ta ce ko jirgi ne ya wahalar da ita. Ta ce a'a, rashin wahalar ne. Ta shiga ɗaki ta rubuta:

"Na ji an karɓe ni, jibi za a miƙa ni. Tun daga ina?"

Ya kira, ba ta ɗauka ba. Ya rubuto: "Tun daga farko. Da wannan Baba ya yarda. Ki yafe mini, tsoro na ji."

"Mai Motoci ya fi ka gaskiya. Shi a fili ya ce zai kai ni. Kai ka zauna da ni a kan taswira, ka ji abin da nake so da kunnenka, sannan ka saka ni a bayan motarka ban sani ba."

Can wani saƙon ya shigo.

"Ba zan hau jirgin da ka tsara ba. Na san waya ɗaya za ka buga ka gano inda nake. Ya rage naka."

Daga nan ba ta sake aiko saƙo ba.

Gaskiya ta faɗa, waya ɗaya ce. Ranar da ya kamata a miƙa ta, abokiyar aikinsa ta kira ta ce ba ta gan ta ba, ko a tambayi tashoshin ƙananan layuka? Ya riƙe kan wayar. Duk jikinsa, duk shekarun aikinsa, cewa suke jirgi ba ya zama ba a hannun kowa ba.

"A'a," ya ce. "Ku bar ta. Kowa ya janye."

Da ya tashi aiki ya hau keke ya nufi gidansu. Ya sami Baba da yayyen a tsakar gida, ga Mai Motoci ya zo gaisuwa, Mama na gefe tana ninke kaya. Ya durƙusa.

"Baba, na saki. Ta gane, ta ce in bar ta, na bar ta. Yanzu ban san inda take ba."

Baba ya miƙe tsaye. "Ba ka san inda take ba? Kai da ka ce za ka riƙe? Ka buga waya yanzun nan, ko kuma kada in sake ganin kekenka a layin nan!"

"Ka yi haƙuri, Baba. Ba zan buga ba."

Mai Motoci ya kaɗa makulli. "Baba, mai ya cika tanki. Mu bi garuruwan ɗaya bayan ɗaya, kafin gobe mun ɗauko ta."

Yaya Babba har ya fara neman takalmi. Mama ta ajiye zanen da ke hannunta, ta tako, ta miƙa wa Mai Motoci hannu.

"Ɗana, ba ni makullin nan in gani."

Ya ba ta. Ta karɓi na Yaya Babba, ta karɓi na Yaya Ƙarami, ta zuba su cikin kwandon wanki, ta zauna kusa da shi.

"Malam," ta ce wa Baba, ba ta ɗaga murya ba, "tun da ka auro ni kai ni kake yi. Ban taɓa kuka ba, don ka kyauta mini. Amma yau in ka ajiye ni a bakin kasuwa ka tafi, ban san ta inda zan dawo gida ba. Ka bar mini yarinya ta san hanya."

Baba ya koma ya zauna. Can ya dubi Mai Sigina da ke durƙushe har yanzu.

"Kai kuma tashi ka zauna a kujera. Tunda ka jawo mana zaman jira, tare za mu yi shi."

Haka suka yi ta yi. Kullum in ya tashi aiki sai ya zo, su zauna shi da Baba, wayoyi biyu a kan tabarma, kowa na yi kamar ba su yake kallo ba. Aminiyar Auta ta kira Mama ta ce Auta ta iso wurinta, ta ga jariri, ta wuce. Baba ya rasa abin yi da hannunsa, ya jawo keken ya kwance sarƙar ya wanke ya mayar, ya ɗaure birki, yana ta mita wai wannan ba abin hawa ba ne, abin tausayi ne.

Ita kuwa Auta, a wata ƙaramar mararraba da za ta canja jirgi zuwa bakin teku, ta tsaya a ɓangaren da ba shi ba. Tana kallo jirginta ya shigo ta tsallake, ta ruga, ta hau gada da jaka, ta sauko tana haki, ya riga ya ja. Ga yayyafi ya fara. Ba wanda ya tare ta, ba wanda ya san ta. Ta zauna a benci ta yi kukanta, ta fito da waya, yatsanta ya tsaya a kan lambarsa.

Ta mayar da wayar jaka. Ta share ido, ta je gaban allo ta ɗaga kai, kamar yadda ta saba. Akwai wani mai tsaye-tsaye da zai zagaya ta wani gari, a can ta sake canji. Ta tambayi wata tsohuwa mai kwando ɓangaren da yake tsayawa, ta sake tambayar mai shara don ta tabbatar. Kujerar da ta samu rana na dukanta, ga yara na kuka, amma ba ta taɓa jin daɗin zama irin wannan ba.

Da ta sauka a garin ƙarshe ta tsaya a ƙofar tasha. Ta duba dama, ta duba hagu. Ta ji ƙamshin ruwa ta hagu, ta bi.

Wayar Mama ce ta fara ƙara. Hoto ne: ƙafafu biyu a cikin yashi, kumfar ruwa na taɓa su, jaka ruwan toka a gefe. Baba ya karɓa, ya nisanta wayar, ya matso da ita, ya ce idonsa ne ke ruwa saboda tsufa.

Sai ta Mai Sigina.

"Na ɓata, na nemo kaina. Ba wanda ya karɓe ni a hanya. Na san ba ka buga ba."

"Ban buga ba. Ban kuma yi barcin kirki ba."

"Ka sha wuya?"

"Ƙwarai."

"Madalla. Ka zo tasha ran da zan dawo, Mai Siginana. A ƙasa, ba a taga ba."

Ya zo, a ƙasa. Ta sauko daga tarago ta yi duhu kaɗan, igiyar jakar ta tsinke ta ƙulle ta da kanta. Ya tsaya a gabanta, hannayensa a baya.

"Ba za ka karɓi jakar ba?" ta ce.

"Sai in kin ba ni."

Ta dube shi, ta dubi tabaraun. "Ya sake karkacewa."

"Ba mai gyara ne."

Ta sauke jakar ta miƙa masa, ita kuma ta cire tabaraun daga fuskarsa.

Ba a daɗe ba aka sa rana. Mai Motoci, da ya huce, shi ya fi kowa zirga-zirga, yana ta cewa ko a bikin ma a bar shi ya kai wani. Ranar ɗaurin aure, da jama'a suka ragu, Baba ya kamo hannun ango ya ja shi gefe.

"To, ɗana. Irin maganarku ta tasha: na miƙa."

Ango ya sunkuyar da kai. "Baba, wannan ba a miƙo ta ba. Da ƙafarta ta zo."

Baba ya yi dariya har da tari, ya dafa kansa. "Allah ya yi muku albarka. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari, ya sa duk inda ɗayanku ya je, ya yi marmarin dawowa."

Aka amsa da amin daga ko'ina.

A ciki kuwa, Mama na gyara wa amarya mayafi, ta sunkuya kusa da kunnenta.

"Auta, taswirar nan taki, kin gama da ita?"

"Na gama, Mama."

"To ajiye mini. Na daɗe ban ga Gwaggonku ba."